Ruwan da Aka Cire wa Wuta

A ɗakin mahaifiyata a unguwar Dagmanet ta Agadas akwai kwalabe biyu da aka ɗinka wa riga da jar fata. Ɗaya da ruwa a ciki har kusan wuya, bakinta toshe da kakin zuma. Ɗayar kuwa wayam take, ko ɗigo babu. Muna yara an bar mu mu taɓa komai a ɗakin nan, har tasoshin aurenta, amma ban da su. Na kakana ne, Lukumanu baduku, wanda ya haifi uwata Zeinabou.

Ni tsoho tukuf na riske shi. Mijina nake ce masa, yadda jika take yi, shi kuma kullum sai ya sake ni, kuma laifin bai taɓa canzawa ba, wato ɓarnar ruwa. In ina wanke hannu ya ji ruwa na zuba ƙasa fiye da kima, sai ya ɗago daga kan fatar da yake ɗinki ya ce in tattara kayana in koma gidanmu. Kunnensa ya yi nauyi har ba ya jin sallama, amma in randa ta fara yoyo a ƙuryar gida sai ya ji. Ranar da aka faɗa a rediyo cewa kuran ɗin Yamai, wato wutar lantarki, daga wani baraji mai datse ruwa yake zuwa a can kan kogin Kwara, samari suna ta mamaki, shi ko gezau. Abu ɗaya ya tambaya, ko akwai mutanen da ke zaune a ƙasan madatsar suna shan abin da ya fito. Muka yi masa dariya, don a lokacin ba mu san abin da tambayar ta taɓa ci masa ba.

An haife shi a tsohon garin Agadas, yana ɗan saurayi Faransawa suka fara shigowa. Gidansu gidan salka ne. Wanda bai san hanyar Fachi ba zai ce ai salka fatar akuya ce kawai da ake ɗura wa ruwa. Amma ayarin gishiri in ya bar rijiyar ƙarshe ya shiga rairayi, ran kowa yana rataye a cikin fatar nan, kuma ɗinki ɗaya in ya saki sai a dawo da raƙumin mutum babu mutum. Ubansa ya koya masa gwaji: a cika salka, a rataye, a shimfiɗa busasshen yashi a ƙarƙashinta, a tafi masallaci. In an dawo an ga ko tabo ɗaya a yashin, a farke ɗinkin duka a sake. Lukumanu ya ce ya sha kuka a kan yashin nan, amma bayan ya girma madugai har rigima suke yi a kan salkarsa.

Ya auri Aissa, 'yar farin wata mata da ake kira Biba. Biba ita ce mai wankan gawar mata a unguwarsu, kuma Allah ya ba ta harshe irin wanda ba a cika samu ba. In aka miƙa mata ƙoƙo ta kurɓa, za ta faɗi rijiyar da aka ja ruwan, ta faɗi ko gugan sabo ne ko tsoho. Fatake in sun dawo sukan kawo mata ragowar ruwa don su gwada ta, sai ta ce wannan na Fachi ne, wannan kuma ya fi nisa, na Segedin ne, gishirinsa daban. Ba ta wasa da ruwan wankan gawa. Ta taɓa mayar da tulu daga gidan wani attajiri don an ɗebo shi da masakin da ya taɓa ganin baban rini, mutane suna tsaye suna jira a rana, ita ko ta ce mamaci ba ya iya ƙorafi, dole wani ya yi masa. Lukumanu yana jin tsoronta fiye da yadda yake jin tsoron kumandan Faransawa. Bai taɓa kallon fuskarta ba, don kunyar surukuta. Ita kuma ba ta taɓa kiran sunan 'yarta ba, yadda uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. "Yarinyar nan" take cewa, ko "ta gidan baduku".

Sai zamani ya juya. Faransawa suka yi ta karɓar raƙuma don ɗaukar kayansu, raƙumi ya tafi da tozo ya dawo ƙashi da fata, in ma ya dawo. Sannan shekarar tawaye ta zo, aka kewaye barikinsu, da suka sami taimako daga kudu suka rama a kan gari ramuwar da har yau tsofaffi ba sa son a tayar da zancenta. Lukumanu ya rasa ubansa da yayyensa a shekarar. Ayari ya tsaya, kuma inda babu ayari babu mai neman salka. Ya yanke shawarar su bi masu gudu zuwa Kano. Biba ta ƙi tafiya, ta ce in kowa ya tafi wa zai wanke waɗanda suka rage. Ta bakin wata maƙwabciya ta aika masa cewa yarinyar nan amana ce a hannunsa.

A Kano dukawa sun fi gashin kai yawa, kuma garin da rijiya take a kowace ƙofa ba ya girmama salka. Suka yi 'yan shekaru suna lallaɓawa, har ya haɗu da wani Badamagare mai suna Bahago, wanda ya ce masa a duwatsun Jos Nasaran Ingila masu haƙar kuza suna ɗaukar 'yan ƙwadago, wai za su tare kogi. Suka bi shi.

A nan ne kakana ya yi abin da Bahago ya yi ta ba da labarinsa har ya mutu. Mutumin Agadas kogi ɗaya ya sani, korin Telwa, wanda yakan sauko daga duwatsun Abzin da damina da ruri da itatuwa a kansa, ya wuce, kwana kaɗan a koma tafiya a kan yashinsa. Da Lukumanu da Aissa suka ga ruwa na gudu a cikin kwazazzabo, ba su tsaya ko kwance kaya ba. Suka cika tukwane, suka cika salkuna, suka ari tulunan maƙwabta suka cika, Aissa har da turmi. Da suka gama, yana haki, ya tambayi Bahago yaushe ruwan yake ɗaukewa. Bahago ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Mako ya zagayo kogi na gudu, rani ya shigo ya rage amma bai tsaya ba. Kakana ya ce ya daɗe yana jin nauyi in ya ga mutane suna wuce kogin nan suna hira, ko kallonsa ba sa yi.

Aikin kuwa abin kallo ne. A can tudu aka gina katanga ta dutse a ƙetare kogin, ruwa ya taru a bayanta ya zama tafki, mutum ya tsaya a wannan baki ba ya gane wanda ke wancan. Daga tafkin aka haƙa hanyar ruwa ta bi gefen dutse, ta ƙare a bakin wani bututun ƙarfe da babban mutum zai iya rarrafe a cikinsa. Bututun ya gangara tsaye har gindin kwazazzabo, ya shige wani ɗakin dutse. Bukkokin ma'aikata suna can kwari, ƙasa da ɗakin kaɗan. Lukumanu da ɗaukar ƙasa a ka ya fara. Amma mutum ne da ba ya iya wuce ɗigo. Ya ga mahaɗin bututu na tsatsafo, ya yanko zoben fata ya sa, tun daga ranar aikinsa ya koma bin bututu da wuƙa da basilla.

Ranar da aka buɗe ruwa yana cikin ɗakin dutsen, da hantsi. Ya ce da farko a tafin ƙafarsa ya ji abin, ƙasa na rawa. Sai ƙara ta sauko ta cikin bututu, ta cika ɗaki har mutum bai jin muryar kansa. Wani ƙaton ƙarfe mai fukafukai ya fara juyawa a hankali, ya ƙara, ya ƙara, har ya yi kamar a tsaye yake. Sannan wani ƙwan gilashi da ke rataye a saman kansu, wanda ya zaci ado ne, ya kama da wuta. Babu mai, babu lagwani, babu hayaƙi, babu wanda ya ƙyasta komai. Da mutane suka ɗan janye ya hau akwati ya hura, wuta ba ta ko karkata ba. Ya taɓa, ta ƙona shi. Bahago ya yi masa ihu a kunne cewa wannan ai somin taɓi ne, igiyar jan ƙarfen nan da ta fita ta taga za ta ɗauki wutar a kan turaku har filin kuza, tafiyar rabin yini, ta je ta juya mashin a can. Kakana ya ce nan ya zauna yana ta tasbihi. Tun yana yaro ya san ruwa ke kashe wuta. Ashe duk tsawon duniya wuta tana kwance a cikin ruwa, a cikin kowace salkar da ya taɓa ɗinkawa, Allah ya ɓoye ta bai faɗa wa kowa ba. Ko da ya tsufa, in ya kawo nan a labari sai gashin hannunsa ya tashi, ni ma nawa ya tashi.

Da ya tashi ya zagaya bayan ɗakin, ya ga ruwan na fitowa fari fat da kumfa, ya ɗan yi gaba ya kwanta luf ya bi ta gaban bukkoki. A nan tunani ya shige shi. Nono in aka kaɗa aka cire mai, abin da ya rage tsala ne, fari dai fari amma ba shi ba ne. To ruwan da aka cire wa wuta fa? Kuma shi a rayuwarsa bai taɓa ganin abin da ya bi ta hannun Nasara ya fito cikakke ba, ya ga raƙuma, ya ga garinsu. Ya koma gida ya ce wa Aissa ruwan kwari na wanki ne kawai. Na sha da na alwala daga tudu za a riƙa kawowa, kafin ya shiga bututu. Aissa 'yar Biba ce, ba ta yi musu ba. Kullum sai ya hau dutsen nan da salka ya sauko, maƙwabta suna ce masa Ba'abzine mai tsallake kogi ya je neman ruwa.

Ya kai maganar gun malamin sansanin. Malam ya ce hukunci a fili yake: in launi da ɗanɗano da ƙamshi ba su canza ba, ruwa mai tsarki ne. Lukumanu ya yi godiya. Amma a ransa ya ce harshen da ya tashi a bakin kogi me ya sani game da ɗanɗanon ruwa? Ya gwada da nasa harshen bai ji bambanci ba, sai dai nasa ma bai yarda da shi ba, don bagaruwar jima ta cinye shi tun yana yaro yana cizon fata.

Sun daɗe ba su sami haihuwa ba, sai a can Allah ya ba Aissa ciki. Ta haifi uwata a tsakiyar damina, ta tashi lafiya har an yi suna. Bayan suna zazzaɓi ya kama ta. Ranar da ta cika, kogi ya yi ambaliya, an kwashe maza duka zuwa tudu don kada katanga ta karye, kuma hanyar dutse ta yi santsi. Kafin saƙo ya kai gare shi ya sauko, mata sun riga sun wanke ta sun sa mata likkafani. Hajara matar Bahago ce ta yi wankan, da hannu mai tausayi. Bayan an dawo daga maƙabarta ya tambaye ta inda ta ɗebo ruwa. Ta nuna masa gaban bukkoki.

Me zai ce wa matar da ta ɗauki jaririyarsa ta sa a nono? Amma abin ya zauna masa a ƙirji. Matar da ta yi shekaru ba ta yarda ruwan nan ya taɓa fuskarta don salla ba, da shi aka yi mata wankan ƙarshe. In tsala ne, to 'yar mai wankan gawar Agadas ta shiga kabari ba wanka, kuma a hannunsa. Ya aika da labarin rasuwar ta bakin fatake. Bayan watanni amsa ta dawo ta bakin wasu fataken. Biba ta ce Allah ya ji ƙan yarinyar nan, Allah ya raya abin da ta bari. Sannan ta ce a tambaye shi wa ya wanke ta, kuma da wane ruwa.

Ya jira har aka yaye uwata. Ya nemi kwalabe biyu a wajen mai dafa wa Nasara abinci, ya wanke da yashi, ya shanya, ya sake wankewa, har Hajara ta ce zai huda su. Baduku ɗan baduku, mai salkar da madugai ke rigima a kanta, ya zuba ruwansa a kwalbar Nasara, don ya fi kowa sanin cewa fata tana ba ruwa ɗanɗanonta. Da safiya ɗaya ya cika ɗaya a tudu ɗaya a kwari, ya toshe da kaki, ya ɗinka musu riga iri ɗaya, ya ƙara ɗinki guda a wuyan ta kwari don shi kaɗai ya gane. Ya goya 'yarsa kamar mace, suka kama hanyar arewa, Kano, Damagaram, Damargu. A tsakanin wasu rijiyoyi ruwan ayari ya yi ƙasa, madugu ya ji ƙarar ruwa a jakarsa, da ya ji bayani ya ce lallai kudu tana haukata mutane. Lukumanu ya ba yarinya rabonsa ya haƙura, bai fasa kaki ba.

Ya tarar da Agadas rabin gidaje kango, hasumiyar masallaci ce kaɗai ba ta canza ba. Biba ta makance. Aka miƙa mata yarinya, ta shafa ta daga ka har yatsun ƙafa. Shi yana durƙushe a bakin ƙofa, kansa a ƙasa. A ranar ce ya fara yi mata magana baki da baki. Ya ba ta labarin kogin da ba ya ɗaukewa, da katanga, da bututu, da ƙarfe mai juyawa, da ƙwan da ya kama da wuta da hantsi. Ta sa ya maimaita na ƙwan, ta tambaya ko da gaske ya hura. Ta jima tana girgiza kai tana ambaton Allah. Sannan ya faɗi abin da ya kawo shi, ya tura kwalaben gabanta.

Ta ce kada ya faɗa mata wacce ce wacce. Ta sa aka kawo ƙoƙo sabo, ta kuskure baki, aka fasa kakin ta farko aka tsiyaya mata kaɗan. Ta riƙe ruwan a baki kamar ba za ta haɗiye ba. Ta ce ruwan baƙin dutse ne, ya bi ta saiwar ciyawa, kuma akwai shanu a can nesa inda ya taso. Lukumanu ya ce haka ne, Inna. Ta sake kuskure baki, aka ba ta ta biyu, mai ɗinki a wuya. Wannan karon ta fi daɗewa.

"Wannan ya bi ta ƙarfe," ta ce.

Kakana ya ce a lokacin ya ji ƙasa ta tsage a ƙarƙashinsa. Amma ba ta gama ba. Ta ce ruwan rijiya ma ta guga yake bi, na ayari ta fatarsa yake bi, wannan ba aibi ba ne. Ta sake kurɓa. Dutsen yana nan, ciyawar tana nan, shanun ma suna nan. Ta ce ta nema ta nema, ba ta ga gurbin abin da aka cire ba. Ta tambaye shi yadda ruwan yake shiga ɗakin da yadda yake fita. Ya ce da gudu yake shiga, gudun da in ya sami mutum zai raba shi biyu, sai ya fito a hankali.

"To ai gudunsa suka karɓa, ɗana. Raƙumin da ya dawo daga Fachi aka sauke masa gishiri, ya daina zama raƙumi ne?"

Hawaye kawai yake yi. Suna nan zaune aka kira azahar daga hasumiya. Biba ta lalubo kwalbar tudu ta tura masa, ta ce ya sake toshe ta, ba ta da aiki da ita. Ta ɗauki ta kwari ta matsa bakin rariya. Matar da duk unguwa ta san da ruwa tafi uku take alwala, ranar ta yi ta zubawa ba ta tsimi, hannu, baki, fuska, damatsa, kai, ƙafafu, har ta kifa kwalbar ta girgiza ɗigon ƙarshe a tafinta ta shafa a idanunta. Ta juyo wajen da take jin numfashinsa.

"Tashi ka je masallaci," ta ce. "Aissa ta sami ruwa."

Matan gidan da ke tsaye a tsakar gida suka dubi juna. Tun ranar da aka raɗa wa Aissa suna, ba wanda ya taɓa jin sa a bakin uwarta sai ranar.